Ko Kun Sani? Jar Miyar Biki Tana da Dangi a Meksiko

Tattasai da tumatir da ke jan miyar ranar suna ko walimar aure a Wurno da Rabah, asalin nomansu a ƙasar Meksiko yake. Masara ma can aka fara shuka ta, a kwarin kogin Balsas, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Babu ko ɗaya daga cikinsu a Afirka kafin 1492. Jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka kawo masara da barkono gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, sannan fatake suka shigo da irinsu arewa. Tumatir shi ne ya zo a makare.

Waɗannan amfanin gona sun karɓu a ƙasar nan saboda suna son rana da ruwan ban-ruwa, abin da fadamar Rima ke da shi a wadace, musamman tun da aka kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984. Ke nan idan wani iyali na biki a gidan abincin Meksiko, suna cin gurasar masara da dakakken tumatir da barkono, kusan kayan miyar manomin rani na Goronyo ne a gabansu.