Yadda Ake Ƙara wa Motar Karkara Ƙarfin Sifirin a Gida

Idan damina ta sauka, hanyoyin karkara sukan lalace. Ruwa yakan zaizaye burji, ramuka su yi yawa, taɓo ya cika kwari. Da kaka kuma ga amfanin gona yana jiran a kai shi kasuwa. Motocin da ke wannan aiki su ne a-kori-kura da sauran motocin shiga daji. Yau da gobe sai bayan mota ya zauna. Da ta faɗa ɗan rami sai a ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. Cikinta kuma ya riƙa gogar tudun tsakiyar hanya.

A nan ne mai mota yakan yi tunanin ƙara mata sifirin. Aiki ne da za a iya yi a gida, in akwai kayan aiki da mataimaki. Amma akwai abin da ya kamata a sani tun farko. Ƙarin sifirin yana ɗaga mota, yana sa ta jure wa mummunar hanya. Ba ya mayar da a-kori-kura ta zama babbar motar ɗaukar kaya.

Sifirin da shokazoba

Sifirin shi ne ke ɗauke da nauyin mota. Yana tsakanin shasi da gatari. Shasi shi ne dogayen ƙarafan nan biyu da jikin mota yake zaune a kai. Gatari kuwa, wanda makanikai ke kira aksul, shi ne ƙarfen da ya haɗa tayar dama da ta hagu.

Sifirin da aka fi sani iri biyu ne. Akwai na falle-falle, wato ƙarafa masu faɗi da aka jera wani kan wani, a lanƙwashe kamar baka. Akwai kuma mai murɗe, wanda aka naɗe shi kamar gammo a tsaye.

Motocin karkara da yawa na falle-falle ne da su a baya. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma a-kori-kurarsa ta 404 da ta 504 irin wannan sifirin ne a bayansu. Haka Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968. Land Rover ta farko ta fito a 1948 da falle-falle gaba da baya. Sai a 1983 aka fito da samfurin 110 mai sifirin mai murɗe.

Shokazoba aikinta daban. Bututu ce mai mai a ciki. Man yana bi ta ƙananan kafofi a hankali, shi ya sa take hana mota yin ta tsalle bayan ta fita daga rami. Shokazoba ba ta ɗaukar nauyi. Saboda haka motar da ta zauna, sabuwar shokazoba kaɗai ba za ta tashe ta ba.

A duba kafin a saya

A ajiye mota a wuri mai laushi, wato shimfiɗaɗɗe, ba kaya a ciki. A auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman kowace taya, a rubuta. In wani gefe ya fi wani sauka, sifirin wannan gefe ya gaji.

Sai a leƙa a dubi fallayen. In suna da sauran lanƙwasa kuma babu tsagewa, za a iya ƙara falle ɗaya a kowane gefe. In sun miƙe sun kwanta, ko babban falle ya tsage, ƙari ba zai yi magani ba. Sai a canza duka damin. Babban falle shi ne mafi tsawo, mai zagayayyun kunnuwa biyu. Shi ke riƙe da gatari a mazauninsa. In ya karye ana cikin tafiya, gatari zai iya gocewa, mota ta ƙwace wa direba.

Kada a yi wa karyayyen falle walda. Kada kuma a gasa shi a wuta don a lanƙwasa. Ƙarfen sifirin an ba shi ruwa na musamman. Da ya sha wuta ƙarfinsa ya tafi, zai sake karyewa kusa da waldar.

Fallen da za a ƙara ya zama faɗinsa ɗaya da na motar. A sayi biyu iri ɗaya, na dama da na hagu. Falle ɗaya yakan ɗaga mota kamar inci 1 zuwa 2, wato bai wuce santimita 5 ba. Wannan ya isa. Araha ba ta ado: tsohon falle mai tsatsa da ramuka asarar kuɗi ne.

Kayan aiki

Ana bukatar jak mai kyau, da sifanu daidai da notocin motar, da guduma, da zarton ƙarfe, da burushin waya. Ana bukatar abin matse ƙarfe guda biyu, irin na kafintoci. Sai ƙafafun ƙarfe na tokare mota. In babu su, a nemi gungumen itace mai tauri kamar kirya ko maɗaci, mai faɗi, wanda aka daidaita samansa da ƙasansa.

Cikin sababbin kaya, ban da fallaye, akwai abubuwa uku. Na farko ƙusar tsakiya, wadda ke ratsa fallaye duka ta haɗe su. Ta fi tsohuwar tsawo, tun da damin ya ƙara kauri. Na biyu ƙarafan nan masu siffar harafin U, waɗanda ke ɗaure sifirin da gatari. Kada a mayar da tsofaffin, domin sun riga sun miƙe, zarensu ya ci. Na uku robobin da ke cikin kunnuwan babban falle, in tsofaffin sun cinye.

Ana gobe za a yi aiki, a goge notoci da burushi, a zuba masu kananzir ko mai, su kwana suna sha.

Tsare rai tukuna

Mota irin wannan nauyinta ya wuce tan ɗaya, wata ma ta kai tan biyu. In ta faɗo wa mutum, ba sauran magana. Jak na ɗagawa ne kawai, ba na riƙewa ba. Yana iya zamewa ko ya sace.

A zaɓi ƙasa mai tauri, ba yashi ba, ba gangare ba. A kashe inji, a zare makulli. A sa weji gaba da bayan tayoyin gaba, domin birkin hannu na yawancin motoci tayoyin baya yake kamawa. A sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa. Sannan a ɗaga, a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe ko gungume. Kada a yi amfani da bulo na siminti ko tubali, suna farfashewa farat ɗaya ba gargaɗi. Tayar da aka cire a kwantar da ita ƙarƙashin shasi don ƙarin tsaro. A girgiza motar da ƙarfi a ga ta zauna daram kafin kowa ya shiga ƙarƙashi. A kori yara da dabbobi daga wurin. Kada mutum ya yi aikin shi kaɗai.

Yadda ake aikin

A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan. In an manta yadda wani abu yake, sai a leƙa gefen da ba a kwance ba.

1. A sa jak ƙarƙashin gatari ya tallafe shi. A kwance ƙusar shokazoba ta ƙasa.

2. A kwance notocin ƙarafa masu siffar U, a cire su. A raba gatari da sifirin a hankali. A wasu motoci sifirin yana saman gatari, sai a sauke jak. A wasu yana ƙasa, sai a ɗaga. Ido ya kasance a kan tiyon birki. Kada a bari ya miƙe ya ɗaure.

3. A matse damin fallaye da abin matsi, ɗaya a gaban ƙusar tsakiya, ɗaya a bayanta. Sai bayan haka za a cire ƙusar. Fallayen a ɗane suke kamar tarko. In aka cire ƙusa ba matsi, za su iya fallewa su karya yatsa ko su fasa ido. A sassauta matsin kaɗan-kaɗan.

4. A goge tsatsa da ƙasa. A dubi kowane falle ko da tsagewa, musamman kusa da kafar tsakiya.

5. A sa sabon falle a inda tsawonsa ya dace: wanda ya fi shi tsawo a gefen babban falle, wanda ya fi shi gajarta a ɗaya gefen. A daidaita kafofi, a zura sabuwar ƙusa. A matse damin da abin matsi har ya haɗe, sannan a ɗaure noti. Kada a ja fallaye da ƙusar, zarenta zai ci. A yanke abin da ya yi saura da zarto.

6. A mayar da gatari. Kan ƙusar tsakiya yana da ɗan rami da yake shiga a mazaunin gatari. Dole ya faɗa ciki. In bai shiga ba, mota za ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa, tana cin taya.

7. A sa sababbin ƙarafa masu siffar U. A ɗaure notocinsu huɗu bi da bi, a gicciye, kaɗan-kaɗan, har su yi ƙarfi daidai.

8. A gwada shokazoba. In ta gaza tsawo, a nemi mai tsawo. Ita ma biyu ake canzawa tare.

In an kwance ƙusoshin kunnuwan babban falle, kada a ɗaure su tamau mota tana sama. A bari sai ta sauka, nauyinta ya zauna, an girgiza ta. In ba haka ba robobin za su murɗe su yage da wuri.

Sifirin mai murɗe na gaba, irin na 504, ba aikin gida ba ne. A matse yake da ƙarfi sosai, kuma yana da na'urar matsewa tasa. Wannan a kai wa makaniki.

Bayan an gama

A sake awo, a gwada da abin da aka rubuta. Dama da hagu su zo daidai. A duba tiyon birki yana da sauran sako-sako. Wasu a-kori-kura suna da wani ɗan sanda da ya taso daga gatari, wanda ke daidaita ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin kaya. In mota ta ɗagu, sai makaniki ya sake saita shi. Fitilun gaba ma a saita su, domin in baya ya tashi haskensu yakan sunkuya.

A fara gwaji a hankali, ba kaya, ba fasinja. A taka birki a ji. In ana jin kaɗawa daga farfela, a koma a duba. Bayan tafiyar farko da kaya a sake ɗaure notocin ƙarafa masu siffar U, a kuma maimaita bayan mako ɗaya ko biyu. Sababbin fallaye sukan zauna, notoci su yi sako.

Direba ya tuna motar ta ƙara tsawo. Doguwar mota ta fi saurin kifewa a kwana, balle an yi mata lodi sama. A rage gudu, a sa kaya masu nauyi a ƙasa.

Nauyi yana da iyaka

Sifirin ya ƙaru, amma birki na nan yadda yake. Haka gatari, da shasi, da tayoyi. Yawancin a-kori-kura kusan tan ɗaya aka yi su su ɗauka, wato kilo 1000. Wannan buhu 10 ne na masara mai kilo 100, ko buhu 20 na taki mai kilo 50. Direba da fasinjoji ma cikin lissafin suke. Iyakar nauyin kowace mota tana rubuce a littafinta, ko a wani ɗan allo da ke jikinta, sau da yawa a bakin ƙofar direba.

Taya ma tana da tata iyaka, a rubuce a gefenta bayan lambar girma. Lamba 100 tana nufin kilo 800. Lamba 104 kilo 900 ce, 106 kuma kilo 950. In an wuce haka taya takan yi zafi ta fashe.

Haɗarin shi ne, motar da aka ƙara wa sifirin ba ta zama ko an cika mata kaya. Sai mai ita ya ɗauka da sauran wuri. Ba zai gane ba sai a gangare, lokacin da birki ya kasa tsayar da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayyar Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, tana kama masu lodin da ya wuce kima. Amma tara ƙaramin abu ce a kan asarar rai da amfanin gonar shekara guda.

Gara a yi sawu biyu a isa lafiya, da a yi sawu ɗaya a kwana a hanya. Wanda bai da kayan aiki, ko bai gane wani mataki ba, ya nemi makaniki. Matambayi ba ya ɓata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.