Fasali A Kan Sharuɗɗan Awon Hawan Jini A Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, sananne ne ga fatake cewa sikeli in ya karkace ƙarya yake faɗi, ko da mai shi amintacce ne. To, na'urar awon jini da ta shiga gidajen attajirai da zaurukan malamai ita ma ma'auni ce, tana da sharuɗɗa, in an bar su awo ya ɓaci.

Wani likitan ƙasar Italiya, Riva-Rocci, shi ya fito da ɗamarar nan da ake hura wa iska a dantse cikin shekarar 1896. Irin ta yanzu mai batir lamba biyu take nunawa. Ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki.

Wanda ya komo daga kasuwa ko masallaci ba ya awo nan take. Sai ya yi bawali tukuna, sa'an nan ya zauna shiru minti 5. Taba da shayi da gahawa a nisance su rabin sa'a kafin awo, haka kuma goro, wanda shi ya fi kā da dattawa, domin ba su lissafa shi cikin abin da aka ci.

Zaman buzu da tanƙwashe ƙafa zaman karatu ne, bai dace da awo ba. Kujera mai majingina ake so, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannu bisa tebur yadda dantse zai yi daidai da zuciya. In hannu ya sauka ƙasa lamba takan hau alhali jinin bai hau ba. A tuɓe babbar riga, a ɗaura ɗamarar a kan fata sama da gwiwar hannu kaɗan. Ƙaramar ɗamara a dantsen kakkauran mutum ita ma ƙara lamba take yi. Magana tana ɓata awo, saboda haka gara a shige cikin gida, kada mai sallama ya zo amsa ta wajaba.

Awo guda ba a gina hukunci a kansa. A auna sau biyu, da minti guda tsakani, da safe kafin shan magani, da kuma maraice, har kwana 7, ana rubutawa kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta bashi. In galibin lambobin sun kai 135 bisa 85 ko sun haura, a kai wa likita littafin. In sun kai 180 bisa 120, balle da ciwon ƙirji ko nauyin harshe ko mutuwar hannu, asibiti ake nufa a wannan sa'a.

Lamba mai kyau kuwa ba izinin barin magani ba ce. Sau da yawa maganin ne ya saukar da ita, wanda ya bar shi da ra'ayin kansa yana jawo wa kansa shanyewar ɓarin jiki, domin hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da alama ba. Wallahu a'alamu.