BABI NA UKU: INSHORAR MOTA WADDA TA ZARCE ABIN DA DOKA TA WAJABTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar inshora da yadda ta shigo ƙasar nan ta hannun kamfanonin ciniki na Turawa. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin fayyace ire-iren inshorar mota waɗanda suka wuce wadda doka ta tilasta wa kowa. Dalilin yin haka shi ne, masu motoci da yawa a ƙasar Hausa sun ɗauki takardar inshora a matsayin ɗaya daga cikin takardun da ake nuna wa ɗan sanda a kan hanya don a wuce. Sai ranar da tsautsayi ya faɗa wa mutum sannan yake gane cewa takardar da ke aljihun motarsa ba za ta saya masa ko fitila ɗaya ba. Saboda haka za a fara da iyakar inshorar dole, sannan a kawo matakan da ke gaba da ita, da sharuɗɗan da kan hana biyan diyya, da kuma matsayin takaful.

3.1 Inshorar Dole da Iyakarta

Inshorar da doka ta wajabta ita ce ake kira inshorar ɓangare na uku. Ɓangare na farko shi ne mai mota, na biyu shi ne kamfanin inshora, na uku kuwa shi ne duk wani mutum da motar ta yi wa ɓarna, ko a jikinsa ko a dukiyarsa. Tushen wannan tilas yana cikin wata doka ta shekarar 1945, tun zamanin mulkin mallaka. Dokar Inshora ta 2003 ta tanadi cewa diyyar dukiyar ɓangare na uku kada ta gaza naira miliyan 1. A watan Disamba na 2022, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta fitar da sabon farashi da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023. Kuɗin inshorar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, iyakar diyyar dukiya kuma ta koma naira miliyan 3. An sa wa babur naira 3,000, A Daidaita Sahu naira 5,000, manyan motocin dako kuwa naira 100,000. 'Yan sanda sun ƙaddamar da tsaurara binciken wannan takarda daga 1 ga Fabrairu, 2025, kuma a cikin shekarar 2025 ɗin aka sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin dokokin 1945 da 2003.

Abin lura a nan shi ne, wannan inshora an yi ta ne domin kare mutanen da ke wajen yarjejeniyar. Idan direba ya bugi motar wani, kamfani zai gyara ta wancan, amma tasa motar sai dai ya kai ta wurin bakanike da kuɗin aljihunsa. Idan ɓarayi suka sace ta, ko ta kama da wuta, ko ta ƙwace ta faɗa rami ita kaɗai, babu abin da ya hau kan kamfani. Haka nan idan mai motar ya ji rauni, maganinsa yana wuyansa.

Ko a ɓangaren dukiyar wani ma akwai iyaka. A ɗauka cewa mai ƙaramar mota ya daki wata babbar jif, aka ƙiyasta gyaranta a kan naira miliyan 7. Kamfani zai biya miliyan 3 ya tsaya, ragowar miliyan 4 kuma bashi ne a kan wanda ya yi ɓarnar. Irin wannan bashi yakan sa a sayar da fili ko gona, har wani lokaci ya raba zumunci.

3.2 Inshorar Gobara da Sata

Mataki na farko bayan inshorar dole shi ne wadda ta haɗa ɓangare na uku da gobara da sata. Wannan ta ƙunshi duk abin da ta dole ta ƙunsa, sannan ta ƙara da biyan mai mota idan motar ta ƙone ko aka sace ta. Ba ta biyan gyaran motar idan karo aka yi. Takan dace da wanda motarsa ta kwana biyu, wanda yake ganin zai iya ɗaukar nauyin ƙananan gyare-gyare, amma ba zai iya sayen wata ba idan wannan ta salwanta gaba ɗaya. Game da sata, kamfani ba ya biya sai an kawo rahoton 'yan sanda, kuma yakan jira na wani lokaci ko za a gano motar. Wasu kamfanoni kan shardanta a sa wa mota mai tsada na'urar bin sawu kafin su karɓe ta.

3.3 Cikakkiyar Inshora

Wannan ita ce mafi faɗi. Ta haɗa ɓangare na uku da gobara da sata, sannan ta ɗauki nauyin gyaran motar mai inshora idan ta yi haɗari, ko da kuwa shi ne mai laifi. Idan laifin na wani ne, kamfani yakan biya mutuminsa tukuna, daga baya ya bi wancan ko kamfaninsa don ya karɓo abin da ya kashe. Wannan yana hutar da mai mota daga jeka-ka-dawo tsakanin caji ofis da kotu. Idan kuwa motar ta lalace har gyaranta ya kusa kai kuɗinta, sai a biya shi ƙimarta, gawar motar kuma ta zama mallakar kamfani.

Kuɗin wannan inshora ya danganta da darajar motar. Sanarwar NAICOM ta 2022 ta ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar da aka rubuta. Ke nan mai motar naira miliyan 8 zai biya aƙalla naira 400,000 a shekara. Idan aka kwatanta wannan da naira 15,000, za a ga dalilin da ya sa galibin masu cikakkiyar inshora su ne kamfanoni da hukumomi da waɗanda suka sayi mota da bashin banki, domin banki yakan tilasta ta don ya tsare kuɗinsa. Sai dai kuma tambayar da ya kamata mai mota ya yi wa kansa ita ce: idan motar nan ta salwanta yau, ina da halin sayen wata? Ga wanda motar ita ce jarinsa kuma ita ke ciyar da gidansa, amsar wannan tambaya ta fi farashin muhimmanci.

3.4 Ƙarin Kariya ta Musamman

Sunan cikakkiyar inshora yana iya ruɗar mutum ya zaci babu abin da ta bari. A haƙiƙa akwai abubuwan da sau da yawa ba sa ciki sai an nema an ƙara kuɗi. Daga cikinsu akwai:

(a) Ambaliyar ruwa da guguwa. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta nutsar da motoci masu yawa. A irin wannan hali, abin da aka rubuta a takardar kowane mai mota shi ke nuna ko za a biya shi.

(b) Tarzoma da zanga-zanga da yajin aiki. Motar da masu bore suka ƙona ba a lissafa ta cikin gobara ta yau da kullum, kamar yadda aka ƙona motocin safa a Legas a watan Oktoba na 2020.

(c) Ƙarin iyakar diyyar dukiyar wani, wato a ɗaga ta sama da miliyan 3. Wannan shi ne maganin matsalar da aka kawo misalinta a 3.1.

(d) Raunin direba da mai mota da iyalinsa, ko mutuwarsu.

(e) Fashewar gilashi, da kuɗin janwe, da kayan da aka ƙara wa motar bayan an saye ta.

Akwai kuma abubuwan da inshorar mota ba ta ɗauka bisa al'ada, kamar tsufan mota, da cinyewar taya, da bugawar inji ko lalacewar giya ba tare da haɗari ba. Waɗannan ana ɗaukarsu hidimar mota ce wadda ke kan mai ita.

3.5 Sharuɗɗan da Kan Rage Diyya ko Su Hana Ta

A nan ne mafi yawan saɓani ke tasowa tsakanin masu motoci da kamfanoni, har ake cewa inshora ta iya karɓa ba ta iya bayarwa ba. Babu shakka akwai kamfanonin da kan ja ƙafa wajen biya, kuma saboda haka ne NAICOM take da sashen karɓar koke. Amma sau da yawa matsalar tana cikin sharuɗɗan da mai mota ya sa wa hannu bai karanta ba, ko kuma bai fahimta ba don an rubuta su da Turancin lauyoyi.

Na farko shi ne kason mai mota. A kowace ɓarna akwai wani adadi da mai mota zai fara ɗauka da kansa. Idan kasonsa naira 50,000 ne, gyara kuma ya kama naira 300,000, kamfani zai biya 250,000. Idan gyaran bai kai 50,000 ba, babu abin da za a biya shi.

Na biyu shi ne rage ƙimar mota. Wasu kan faɗi kuɗin da bai kai darajar motar ba don su biya kaɗan. Wasu kuma ba da gangan ba ne: tun da darajar naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na watan Yuni 2023, farashin motoci da kayan gyara ya tashi ƙwarai, amma suka ci gaba da sabunta inshora a kan tsohon kuɗi. Idan an rubuta miliyan 4 alhali motar ta kai miliyan 8, kamfani zai ɗauka rabin motar kawai aka yi wa inshora. Gyaran naira miliyan 1 sai a biya naira 500,000. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya ƙara kuɗi fiye da darajar motar ba zai sami ƙari ba, domin ƙa'idar inshora ita ce a mayar da mutum matsayin da yake kafin asara, ba a ba shi riba.

Na uku shi ne sauya amfanin mota. Ma'aikacin da ya yi wa motarsa inshora a matsayin motar gida, sannan ya riƙa yin kabu-kabu da ita bayan an tashi aiki, ya saɓa yarjejeniya. Haka nan ba da mota ga yaron gida wanda ba shi da lasin, ko tuƙi cikin maye, ko lodin da ya wuce ƙa'ida.

Na huɗu ya shafi al'adarmu ta sulhu. Idan aka yi karo a garuruwanmu, nan take mutane kan taru, dattawa su shiga tsakani, mai laifi ya ba da haƙuri ya ce ya ɗauki gyara, a yi musafaha a watse. Wannan hali ne mai kyau, amma takardar inshora takan hana mai ita amsa laifi ko yin alkawarin biya ba tare da sanin kamfani ba. Haka kuma wanda ya garzaya da motarsa gareji aka gyara kafin jami'in kamfani ya gan ta ya ƙiyasta ɓarnar, ya raunana hujjarsa. Abin da ya dace shi ne a fara taimakon wanda ya ji rauni, a ɗauki hoto, a sanar da 'yan sanda da kamfani cikin lokacin da takarda ta ƙayyade, sannan a zauna sulhun da saninsu.

Na biyar shi ne cinikin mota. Inshora tana ɗaure ne da sunan wanda ya yi ta. Wanda ya sayi mota hannu na biyu ya ci gaba da yawo da takardar tsohon mai ita, ba shi da abin da zai nema a wurin kamfani.

Na ƙarshe shi ne biyan kuɗi da ingancin takarda. Tun daga Janairu 2013 aka tsaurara ƙa'idar cewa inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Bugu da ƙari, takardun bogi da 'yan kamasho ke sayarwa a kusa da wuraren sabunta takardun mota ba su da wani kamfani a bayansu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa ta wayar hannu ya ga ko inshorarsa ta gaske ce.

3.6 Takaful

Ba tsada kaɗai ke hana Bahaushe wuce inshorar dole ba, har da shakku na addini. Malamai da yawa sun soki inshorar kasuwanci saboda abin da suke gani a cikinta na riba da garari da kama da caca. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya ta halatta. Tun kafin nan, a 1979, an kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan. A Nijeriya, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma aka ba kamfanonin farko da suka keɓanta da shi lasin a 2016.

A tsarin takaful, mahalarta suna zuba kuɗi ne a asusu ɗaya da niyyar taimakon duk wanda asara ta sama a cikinsu. Kamfani wakili ne mai kula da asusun bisa lada, kuma ba ya juya kuɗin a harkar da shari'a ta hana. Idan shekara ta ƙare da rara, akan raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san karo-karon da direbobi kan yi wa ɗan'uwansu a tasha idan motarsa ta yi haɗari. Sai dai a lura, sharuɗɗan da aka kawo a 3.5 suna aiki a takaful kamar yadda suke aiki a sauran.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa inshorar dole tana kare wanda aka yi wa ɓarna ne, kuma ko shi zuwa wata iyaka. Mai son kare motarsa da kansa sai ya ƙara mataki, ko dai gobara da sata, ko cikakkiyar inshora tare da ƙarin da ya dace da inda yake zaune da irin aikin motarsa. An kuma ga cewa biyan kuɗi kaɗai bai wadatar ba, sai an faɗi gaskiyar ƙimar mota da amfaninta, an kuma kiyaye sharuɗɗa. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, to amma mutum ba zai yi rigakafin abin da ba a bayyana masa da harshen da yake ji ba. Wannan ne ya sa babi na gaba zai nazarci kalmomin da direbobi da dillalan inshora ke amfani da su, da kuma yadda za a samar da daidaitattun kalmomin inshora cikin Hausa.