CIWON ƘODA A GASHUWA DA NGURU: JINI NA IYA BA DA SHAIDA

Duk mutumin Bade ko Nguru da ke zaune a Kurmi, ko a Agege ne a Ikko, ko a Sabon Badun, ya san irin saƙon da kan zo daga gida: wane ƙafafunsa sun kumbura, fitsari ya ragu, an kai shi Damaturu, likita ya ce ƙoda ce, a haɗo abin da ya sawwaƙa. Wanda ƙodarsa ta mutu kuwa sai an riƙa wanke masa jini da na'ura sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu, har iyakar ransa, in ba dashe aka yi masa ba.

Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne, a sauran wurare ciwon sukari da hawan jini su ne manyan masu kashe ƙoda, amma a garuruwan bakin kogin Yobe akan sami manoma da masunta, waɗansu da ƙuruciyarsu, ba su da ko ɗaya, ga shi kuwa ƙoda ta lalace.

Zato dai ya yi yawa. Waɗansu na zargin ruwa, tun da kogin Haɗeja daga ƙasar Kano ya taso, inda masana'antu da majemu suke. Waɗansu sun ce maganin ƙwari da na ciyawa ne da ake fesawa a fadamu. Akwai masu ambaton ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam, akwai kuma masu ganin aikin rana ne cikin zafi ba tare da isasshen ruwan sha ba, kamar yadda ake zato game da masu saran rake a Amurka ta Tsakiya. To, amma samun guba a rijiya daban, tabbatar da cewa ita ce ta shiga jikin mutum ta yi ɓarna daban.

Nan ne awon DNA ya shigo. Shi DNA wani zare ne siriri ƙwarai da ke naɗe cikin ƙwayoyin jikin mutum, shi ne ke ɗauke da kamannin da ɗa ke gada daga iyayensa. Waɗansu gubobi in sun shiga jiki sukan tsittsinka zaren nan, waɗansu kuma su manne masa. Watau dai ɓarawo ya tafi, amma ya bar sawu.

A 1984 masana biyu a ƙasar Suwidin, Ostling da Johanson, suka fito da hanyar ganin wannan sawu, a 1988 kuma Singh da abokan aikinsa a Amurka suka inganta ta. Akan ɗebi ɗigon jini, a zuba ƙwayoyinsa cikin wani abu mai kauri kamar kamu a kan gilashi, a narke bawonsu, sa'an nan a sakar musu lantarki kaɗan. Zaren da ke lafiya yakan tsaya a dunƙule. Wanda ya tsinke kuwa, gutsattsarinsa sai su janye gefe guda, har in an duba a madubin likita a ga kamar tauraruwa mai wutsiya. Iyakar tsawon wutsiya da kaurinta, iyakar ɓarnar da aka yi.

Sai dai awon nan yana nuna an yi ɓarna ne kawai, ba ya faɗin wanda ya yi ta. Taba, da hayaƙin itace, da tsufa, duk suna iya tsawaita wutsiyar. Saboda haka ba a yanke hukunci da jinin mutum ɗaya. Sai an auna jama'a da yawa a garin da cutar take, a gwada da na wani gari inda babu ita, masu shekaru da sana'a iri ɗaya.

Akwai kuma awon da ke kama mai laifi da hannu dumu-dumu, an kuwa ga amfaninsa a Turai. Tun wajen 1956 aka lura da wani ciwon ƙoda a ƙauyukan manoma da ke bakin rassan kogin Danub, a Bulgeriya da Romaniya da tsohuwar Yugoslabiya. Aka shekara hamsin ana zargin ruwa, da ƙarafa, da hatsi mai fumfuna. Sai a 2007 Arthur Grollman na Amurka da likitocin Kuroshiya suka sami gubar wata ciyawa mai suna Aristolochia manne da DNA na ƙodar majinyata. Ashe a gonakin alkama take fitowa, 'ya'yanta su gauraya da hatsi, a niƙa, a ci a burodi.

A Yobe ma an ɗauki hanya. A 2021 aka buɗe cibiyar binciken lafiya ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ƙarƙashin Mahmoud Bukar Maina, gwamnatin jihar kuma ta ɗora mata neman musabbabin cutar tare da masana daga Ingila. Irin wannan bincike kuwa ba ya yiwuwa sai mutane sun yarda an ɗebi jininsu da fitsarinsu, an auna ruwan da suke sha da abincin da suke ci.

To, jama'ar Kurmi, a nan ne taku rawar take, domin mai aika kuɗi gida ana jin maganarsa. In masu awo sun zo gari ta hannun hukuma da masu unguwanni, a ƙarfafa wa iyaye da ƙanne su ba da haɗin kai, masu lafiya da marasa lafiya duka, don da na mai lafiya ake gane na maras lafiya. Suna kuma da haƙƙin tambayar abin da za a yi da jininsu, da lokacin da za su ji sakamako.

Kafin nan, a tuna ƙoda ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa. Awon fitsari da na hawan jini sau ɗaya a shekara yana iya kama cutar da wuri. A rage shan magungunan ciwon jiki barkatai da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, a tafi gona da isasshen ruwa, kada kuma a zuba ruwan sha a jarkar maganin feshi. Wanda ya girma a bakin kogin nan, ko da ya shekara ashirin a Ikko, shi ma ya je a auna shi.