BAYANI GA DILLALAN KATAKO: WANE NE "WALNOT", KUMA YA DACE DA DAƁEN ƊAKI A NAN?

Ya ku 'yan'uwa fatake da dillalai na Birnin Kudu da Gwaram da Sara. Wani lokaci mai gini yakan zo ya ce shi ba siminti ko tayil yake so ba, daɓen katako yake so, wai shi walnot, irin wanda ya gani a waje. To, kafin ka karɓi kafin alƙalaminsa, san abin da za ka kawo masa, don itace uku ne ke amsa wannan suna.

Na ɗaya, walnot na ainihi, itacen Amurka ne da Turai. Launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, yana da kyan gani, sai dai tsada, kuma ba shi da tauri ƙwarai. Ƙafar gado da yashin da ke bin takalmi suna yi masa tabo. Na biyu, wanda masu injin Kudu ke kira walnot na Afirka, Yarbawa su ce apopo. Wannan ɗan'uwan maɗaci ne, kamannin launi kawai ya jawo masa sunan, kuma gara tana cin sa. Na uku shi ne mansoniya, yana da duhu, yana jure gara, amma fa ƙurarsa mugu ce: tana sa atishawa da haɓo da ƙaiƙayi. A gaya wa kafinta ya rufe hanci.

Abu biyu ke kashe katako a ƙasarmu, gara da hunturu. Kayan da aka yanko daga Sapele ko Ondo da ruwansa yake isowa 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano. In aka shimfiɗa shi a haka da damina, iskar hunturu na kaɗawa sai ya tsuke. Falanki mai faɗin inci 12 yana iya rage kusan rabin inci, daɓe ya buɗe baki, wani ya kantare. Maganinsa a jera shi a inuwa, a sa 'yan ƙirare tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ya ga hunturu ɗaya tukuna. Kuma a tsaga shi siriri, inci 3 ko 4, don siriri bai cika kantarewa ba.

Wajen zaɓe, ɗaga ka ji nauyi, ƙwanƙwasa ka ji amo. Busasshe yana ƙara, ɗanye amonsa a dushe yake. Duba bakin falanki: zuciyar itace mai duhu ita ce kaya, farin gefe abincin gara ne. In ka ga 'yan huji da gari na zuba, bar shi. Wasu sukan shafa wa farin katako kala su ce walnot ne, sai ka ɗan kankare da wuƙa, ciki ba ya ƙarya.

Kada katako ya taɓa ƙasa. Sai an zuba siminti ya bushe sarai, an sa leda da maganin gara, sannan a kafa. A bar ɗan fili ta jikin bango saboda kumburin damina.

In mai gini ya nemi shawararka, loko, wato iroko, ya fi walnot tauri da jure gara. Maɗobiya da kawo ma suna da ƙarko, amma a kula: tun 2017 maɗobiya ta shiga dokar duniya ta CITES mai taƙaita fitar da ita waje, kawo da maɗaci suka bi ta a 2023. Wanda aka kawo maka daga daji, nemi takardar ma'aikatan gandun daji kafin ka sa kuɗinka.

Ƙarshen magana, faɗa wa mai saye sunan itacen na gaskiya da watan da aka yanke shi. La'ada ta yini ɗaya ce, daɓen da ya tsage kuwa kullum mai gida yana taka shi yana tuna wanda ya sayar masa.