Gargaɗi Ga Masu Tafiya Tailan: Kada Ku Hau Giwa, Kada Ku Yi Mata Wanka

Jama'a, wannan kira ne ga duk mai shirin zuwa ƙasar Tailan, ko ɗan kasuwa ne mai saro kaya a Bankok, ko ɗalibi mai hutu, ko ango da amaryarsa. Kuna sauka za a fara miƙo muku takardun talla a otal da cikin tasi: ku zo ku hau giwa, ku yi mata wanka a rafi, ku ɗauki hoto. Don Allah kada ku je.

A watan Janairun 2025, a tsibirin Koh Yao Yai, wata ɗaliba 'yar Sifaniya mai shekara 22 ta rasa ranta tana tsaka da yi wa giwa wanka. Wurin kuwa yana tallata kansa ne a matsayin gidan kula da giwaye. Dabbar da nauyinta ya kai tan uku, bugu ɗaya da hancinta ya isa ya kashe mutum. Ga kuma tarin fuka, wanda giwa kan kamu da shi har ta sa wa mutum.

Ku tambayi kanku: me ya sa giwa, da duk ƙarfinta, take tsayawa cak baƙo yana shafa ta? Ba kirkin hali ba ne, tsoro ne. A shekarar 1989 gwamnatin Tailan ta hana sare itatuwa a dazuzzukanta, sai giwayen da ke jan gungume suka rasa aiki, masu su suka karkata ga 'yan yawon buɗe ido. Kafin giwa ta yarda a hau ta, tun tana ƙarama ake raba ta da uwarta, a ɗaure ta tamau a wani ƙuntataccen keji, a hana ta barci, a rage mata abinci, a yi ta dukanta har zuciyarta ta karye. Wannan horo shi ake kira phajaan. Daga nan sai sarƙa a ƙafa, da ƙugiyar ƙarfe da mai kiwonta ke dannawa a bayan kunne, inda fata ta fi laushi. Kujerar da ake ɗaura mata a baya kuma tana cin ƙashin bayan, ta bar miki. Wallahi wannan zalunci ne, kuma kuɗin tikitinmu ne ke raya shi.

Kada allon ƙofa ya ruɗe ku. Wata doka ta 1939 ta sa giwar gida cikin dabbobin dako, mallakar mai ita, kuma kowa na iya rubuta "mafakar giwaye" a ƙofarsa. Da yawa sun cire sirdin ne kawai, suka mai da shi wanka, alhali rukuni-rukunin baƙi na ta dirar wa giwa ɗaya tun safe har yamma. A daji, giwa kan shafe mafi yawan yininta tana kiwo da tafiya cikin 'yan uwanta.

Kafin ku biya ko sisi, ku tambaya: ana hawa? Ana wanka da su? Suna yin rawa ko zane? Akwai ɗan giwa da aka ware don hoto? In an amsa e ko sau ɗaya, ku juya. Wurin ƙwarai daga nesa ake kallo. Kusa da birnin Chiang Mai akwai Elephant Nature Park, wanda Lek Chailert ta kafa don tsofaffin giwaye da masu rauni, kuma ba a hawa a can. Kambodiya ma ta daina hawan giwa a Angkor tun 2020.

Masu kamfanonin shirya tafiya, ku cire hawan giwa daga tsarinku. Wanda kuma yake son yaransa su ga giwa ba sai ya tsallaka teku ba, akwai su a dajin Yankari na Jihar Bauchi da gandun Mole na Gana. Ku bi umarnin jami'in daji, kada ku fito daga mota sai ya ce, kuma kada ku taɓa shiga tsakanin uwa da ɗanta.