A Rubuta Farashi Mana!

Duk mai WhatsApp a wayarsa ya san abin da ke cika Status da sassafe: atamfa, leshi, takalman yara, turaren wuta, humra, dambun nama a robobi. Wata 'yar kasuwar sai ta jero hoto talatin, kowanne ta rubuta "sabon shigowa" ko "akwai", amma babu ko ɗaya mai ɗauke da kuɗinsa. In an tambaya, amsar ɗaya ce: "Ki biyo ni ta ciki." An bi ta cikin, an yi sallama, an ce nawa ne, sai shiru har bayan la'asar. Kafin nan mai sayen ta samu wata ta tura mata kuɗi. Da daddare kuma a ji mai kayan tana kukan babu ciniki, gari ya yi zafi.

Gari kam ya yi zafi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira a kasuwar canji cikin watan Yuni, litar fetur da ake sha ƙasa da Naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, dala ta wuce 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mai saye a irin wannan hali da lissafinsa yake tafe. Ya san abin da ke cikin asusunsa, kuma ba ya son ya tambayi kuɗin abu ya ji ya fi ƙarfinsa, ya koma yana kame-kamen "zan yi magana anjima". Kunyar nan kaɗai ta isa ta hana shi tambaya. Hoton da babu farashi, wucewa kawai yake yi.

Masu ɗabi'ar ɓoye farashi suna da hujjojinsu. Na farko, wai kaya kullum tashi suke a Kantin Kwari da Singa, abin da aka saro ranar Litinin ba shi ne kuɗinsa ranar Alhamis ba. Gaskiya ne, amma ai Status ɗin kansa awa 24 yake yi ya ɓace. Mene ne wahalar rubuta "farashin yau" da kwanan wata? Na biyu, wai kada abokan sana'a su gani su karya kuɗi. Abokan sana'ar nan layi ɗaya ake sari da su, sun riga kowa sanin kuɗin dila. Hujja ta uku ita ce ba a faɗa a fili: a duba hoton mai tambaya tukuna, in an ga alamar Hajiya ce a ƙara mata dubu biyu. Ranar da Hajiyar ta haɗu da maƙwabciyarta a gidan biki sanye da leshi iri ɗaya suka kwatanta kuɗi, an rasa ta, an rasa danginta.

Abin haushin ma, gyaran bai kai kuɗin data na yini ba. Manhajar WhatsApp Business kyauta ce tun fitowarta a 2018, tana da wurin jera kaya da farashinsu, tana kuma iya aika amsa da kanta idan mai kaya na kicin ko masallaci. A sa hoton ainihin kayan da ke hannu, wanda aka ɗauka da rana a tsakar gida, a daina kwaso hotunan intanet da kalarsu ta saɓa da abin da za a kai wa mutum. A rubuta yadi nawa ne, unguwar da ake, da wanda zai biya kuɗin ɗan sahu ko na tasha. Hoto biyar masu cikakken bayani sun ishi yini guda.

Akwai kuma masu ɗibar jari su kai wa 'yan TikTok kuɗin talla, alhali shafinsu babu farashi, lambar da suka bayar kuma ba a ɗauka. Mutum dubu za su leƙo su koma. Wanda ya taɓa saye ya ji daɗi ya fi sauƙin dawowa, amma 'yan kasuwa nawa ne ke ajiye sunayen irin waɗannan a littafi, su sanar da su in sabon kaya ya iso?

Idan kuwa tsoron shi ne kada kuɗin ya razana mutane, sai a rage awo a fili. Da haka madarar Cowbell ta shiga gidajen talakawa bayan zuwanta Najeriya a 1993, ta hanyar ƙananan ƙulli da mai kuɗin shayin safe zai iya saya. Mai turaren wuta ta yi ƙaramar kwalba kusa da babba, mai yaji ya yi ƙullin ɗari biyu, mai atamfa ta yarda da rabin turmi, kowanne da kuɗinsa rubuce a ƙarƙashin hoton.